An Canja Mudu, Hatsin Bai Ƙaru Ba

Ranar Alhamis, 24 ga Agustan 2023, ina bakin aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kano, sai ga rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ya shigo. Lokaci ya ƙure, saura kaɗan a shiga labaran yamma. Na leƙa shafin farko, na ga adadin da kowa zai kwana yana magana a kansa, na rubuta kanun labari yadda aka koya mana a jami'a, gajere mai kama kunne: rashin aikin yi a Najeriya ya sauka zuwa kashi 4.1 cikin 100. Ni na rubuta, ni kuma na karanta da bakina.

Ban daɗe da fitowa ba wayata ta yi ƙara. Baba ne daga Gumel. Bayan gaisuwa bai tsaya tambayar jikoki ba. Ya ce, "Na ji ka a rediyo. Ka ce mutum huɗu ne kacal cikin ɗari ba su da aiki. To ga Auta nan zaune, yanzu ya dawo daga Maigatari, ko kuɗin motarsa bai mayar ba. Shi a cikin huɗun yake, ko a cikin casa'in da shidan?"

Na ce, "Baba, ai ba ni na faɗa ba, hukuma ce ta fitar."

Ya ce, "Ni dai muryarka na ji."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A daren nan na koma na karanta rahoton tun daga farko har ƙarshe, abin da ya kamata in yi kafin in buɗe baki. Amsar tambayar Baba tana ciki. Auta, ƙanena, mai takardar NCE daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, wanda ya shekara huɗu yana jiran a kira shi koyarwa, a cikin casa'in da shidan yake. A lissafin hukuma yana da aiki. Wannan rubutu bayani ne kan yadda aka yi hakan ta kasance, da abin da ya kamata mu riƙa dubawa duk ranar da aka sake kawo mana irin wannan adadi.

Abin da aka canja

A watan Maris na 2021 hukumar ta sanar cewa a watanni ukun ƙarshe na 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100, wato mutum ɗaya cikin uku. Wannan ma na karanta shi a rediyo, kuma ba wanda ya kira ni ya yi musu, domin ya yi daidai da abin da mutane ke ji a jikinsu. Daga nan hukumar ta yi shiru fiye da shekara biyu. Da ta dawo a Agustan 2023, sai ta zo da kashi 5.3 na ƙarshen 2022, da kashi 4.1 na watanni ukun farkon 2023.

Tsakanin alƙaluman biyu ba a buɗe masana'antun da za su kwashe miliyoyin mutane ba. Ma'anar kalmar "mai aiki" aka sauya. A tsohon tsari, sai mutum ya yi aikin awa 20 ko fiye a mako ake cire shi daga sahun marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce, don lada ko don riba, ya zama mai aiki. Mara aiki kuwa sai ya cika sharuɗɗa uku: bai yi aikin ko awa ɗaya ba, yana neman aiki, kuma a shirye yake ya fara in ya samu. Wanda ya gaji da nema ya haƙura, ba a sa shi cikin marasa aiki; fitar da shi ake yi daga lissafin baki ɗaya. An kuma daina tsayawa a kan 'yan shekara 15 zuwa 64, aka haɗa duk wanda ya kai 15 har abin da ya yi sama.

Wannan tsari ba ƙirƙirar Abuja ba ne. Ƙa'ida ce ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda yawancin ƙasashe ke bi, kuma da tallafin Bankin Duniya aka shirya sabon binciken. Ba kuma shi ne karo na farko ba. A 2015 an rage ma'aunin daga awa 40 zuwa 20, sai adadin da ya kai kashi 23.9 a 2011 ya koma kashi 6.4 a ƙarshen 2014. Yemi Kale, wanda ya shugabanci hukumar daga 2011 zuwa 2021, ya fito fili a 2023 ya nuna bai gamsu da ma'aunin awa ɗaya ba, bisa hujjar cewa ladan awa ɗaya a Najeriya ba ya riƙe mutum.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan hatsi ya san wannan lamari. Idan aka auna buhu da babban kwano aka samu arba'in, gobe aka auna shi da ƙarami aka samu sittin, ba wanda zai koma gida ya ce wa iyali gero ya ƙaru. Laifina a ranar ita ce kalma guda, "sauka". Kalmar tana nufin abu ɗaya aka auna sau biyu da mudu ɗaya, alhali mudu biyu ne. Hukumar ta bayyana sauyin tsarin a cikin rahotonta. Ni ne ban kai shafin ba.

Gwajin Maigatari

Ma'auni ana gane ingancinsa ne idan abin da yake aunawa ya motsa. Ƙasar Gumel ta ba mu damar wannan gwaji, domin cikin shekara biyar an girgiza ta sau uku.

Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗu suka zama masarautar: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Damina gajeriya ce a nan, ƙasa jigawa ce, abin nomawa gero da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo. Abin da ke juya kuɗi a yankin kuwa ita ce kasuwar Maigatari, mai ci ranar Alhamis, a bakin iyakar Nijar. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna gangarowa daga ƙasar Damagaram, hatsi da kayan masarufi suna hawa, tireloli suna ɗaukar dabbobi zuwa kudancin Najeriya. Bayan mai dabba da mai saye, akwai rundunar da ke ci daga gefen ciniki: dillalai masu jiran la'ada, 'yan lodi, masu kora, masu sayar da igiya da harawa, 'yan canji, masu shayi, mata masu abinci, 'yan acaɓa. Auta yana cikinsu. Yakan bi wani dillalin awaki, ya riƙe, ya kora, ya taya lodi, da yamma a ba shi abin da ya samu.

A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, kuma Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe, tare da Illela da Seme da Mfum. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, a kasuwar da Bafulatani mai sa ba ya karɓar komai sai tsaba a hannu. Sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, har zuwa Maris na 2024. Tun a Mayun 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka.

To me ma'aunin ya nuna? Watanni ukun da aka yi fama da ƙarancin kuɗi su ne suka ba da kashi 4.1 ɗin da na karanta. Watanni uku na biyu na 2023 suka ba da 4.2. Na uku, lokacin da iyaka ke rufe kuma fetur ya yi tashin gwauron zabo, suka ba da 5.0. Gaskiya ne adadi ne na ƙasa baki ɗaya, ba na Maigatari ba. Amma ko da a Maigatari kaɗai aka auna, da wuya ya motsa sosai, kuma dalilin a fili yake. Dillalin da ya saba sayar da awaki ashirin, yau ya sayar da biyu, ya yi aiki. Mai tuwon da ta saba juye tukunya uku, yau ta dawo da rabin ɗaya, ta yi aiki. Auta da ya wuni a kara ya dawo ko kuɗin mota bai mayar ba, ya yi aikin fiye da awa ɗaya don neman lada. Kasuwa za ta iya mutuwa rabi ba tare da mutum ɗaya ya koma "mara aiki" ba.

Wa ke da ikon zama?

Nan ne gaskiyar lamarin take, kuma sai da na daɗe kafin in karɓe ta. Rashin aiki, a ma'anar da duniya ta amince da ita, hali ne da sai mai madogara yake iya shiga. Kafin mutum ya yi kwana bakwai bai taɓa komai ba, yana ta aika takardun neman aiki, dole akwai mai ciyar da shi: ko gwamnati mai biyan kuɗin tallafin marasa aiki, ko uba mai albashi, ko ajiya. Shi ya sa a rahotannin hukumar adadin ya fi yawa a birni fiye da ƙauye, ya kuma fi yawa tsakanin masu ilimi mai zurfi fiye da waɗanda ba su shiga aji ba. Magidanci a ƙauyen Sule Tankarkar ba shi da wannan gata. In gari ya waye babu, sai ya ɗauki gatari ko kura ko fartanya.

A duba maƙwabta. A alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashe mafiya ƙarancin rashin aiki a duniya, ƙasa da kashi 1 cikin 100. Sifaniya kuwa ta haura kashi 10 a 2023, Afirka ta Kudu ta haura 30. Ba mai hankalin da zai ce mutumin Dungas, can tsallaken Maigatari, ya fi mutumin Madrid samun abin yi mai tsoka. Ƙarancin adadin a ƙasa irin tamu shaida ce ta cewa mutane ba su da halin zama.

Hukumar da ta ba mu kashi 4.1 ita ce kuma ta ba mu wasu alƙaluman. Bincikenta na yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40.1 na 'yan Najeriya suna ƙasa da layin talauci, wanda aka ajiye a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara. A Jigawa adadin ya kai kashi 87, jiha ta uku bayan Sakkwato da Taraba. Waɗannan alƙaluma ba sa karo da juna. Suna faɗin abu ɗaya ne: kusan kowa yana aiki, kuma aikin ba ya fitar da shi.

Harshenmu ya riga masana rarrabe wannan. Bahaushe yana da aiki, yana da sana'a, yana da nema, yana da ƙwadago, yana da buga-buga, sannan can ƙarshe yana da zaman kashe wando. Idan Baba ya ce Auta ba shi da aiki, ba ya nufin yana kwance a zaure. Yana nufin ba shi da abin da za a dogara da shi a ƙarshen wata, abin da zai sa a je nema masa aure ba tare da an sunkuyar da kai ba. Takardar tambayoyin hukuma ta tattara biyar na farko ta zuba a kwando ɗaya, ta bar na shida shi kaɗai. Da na fassara sunan wannan kwando da "aikin yi" a rediyo, na ba masu sauraro kalmar da suke ji da wata ma'ana dabam.

Akwai wani lungu na ƙa'idar da ya shafi manomanmu kai tsaye. Wanda yake noma don cin gidansa kawai, ba don sayarwa ba, sabon tsari ba ya lissafa shi cikin masu aiki, domin ba lada ba riba. A tuna da taƙaddamar da aka yi a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar kan dubban hektocin gonaki a yankin Gagarawa da maƙwabtanta, waɗanda aka ware don noman rake, da alƙawarin samar da ayyuka. A kan takarda, manomin da ke cika rumbunsa daga gonar gado ba ma'aikaci ba ne. Ranar da ya rabu da gonar ya yi ƙwadagon wuni ɗaya a gonar wani, ya shiga sahun masu aiki. Ma'aunin da zai ɗauki wannan a matsayin ci gaba ba zai iya gaya wa mutanen Gagarawa ko musayar ta yi musu riba ba.

Shafin da ban karanta ba

Kada a fahimce ni a karkace. Tsohon ma'aunin ma yana da nasa aibin. Matar da ke yin ƙuliƙuli awa 15 a mako, tana ɗinke ɓarakar gida da ribarsa, tsohon tsari mara aiki yake kiranta. Sabon kuma ya zo da gyara na gaske: ana tattara bayanai ne duk tsawon shekara, ba a wasu 'yan makonni ba. Wannan yana da muhimmanci a inda shekara ta rabu biyu. Da damina ba hannun da ke zaune a ƙasar Gumel. Da kaka mata suna ɓarar gyaɗa da tsintar zoɓo, wanda ake tarawa a Maigatari a fitar har zuwa Meziko. Da rani ya tsaya, samari su kama hanyar Kano da Abuja da Legas cin rani, su bar tsofaffi da yara. Wanda ya zo aunawa a Agusta da wanda ya zo a Maris, garuruwa biyu za su gani.

Kuma rahoton nan da ya jawo mini faɗan Baba yana ɗauke da amsar da Baba zai yarda da ita, a shafukan ciki. A watanni ukun farkon 2023, kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai na masu aiki suke aikin albashi. Fiye da kashi 92 suna cikin ayyukan da ba rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho. Wasu kashi 12.2 kuma suna aiki ƙasa da awa 40 a mako alhali suna son ƙari. Da na karanta cewa cikin masu aiki tara, kusan ɗaya ne kawai yake da albashi, da ba wanda ya kira ni daga Gumel, sai dai ya gyaɗa kai.

Ko waɗannan ma ba su sauko ƙasa yadda muke bukata ba. Sabon binciken yana ziyartar gidaje 35,520 a faɗin ƙasa cikin shekara. A raba su ga ƙananan hukumomi 774, kowace ta tashi da gida 46 ko kusa da haka. Wannan ya isa a yi maganar Najeriya, ya isa a yi maganar jiha, amma bai isa a ce ga halin da Gagarawa ke ciki ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa tun 2006 aka yi ta. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage. Yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar yau ya isa riƙe akuya a kara, kuma duk lissafin da ake yi a kansa hasashe ne aka ɗora a kan hasashe.

Me ya sa wannan zai dami wanda ba ma'aikacin ƙididdiga ba? Domin da alƙaluma ake yanke shawara. Da su ake rubuta kasafi, da su masu ba da lamuni ke auna ƙasa, da su ɗan siyasa ke hawa mumbari. Adadin da ke cewa kashi 4 yana koya wa mai mulki cewa matsalar ƙarama ce, maganinta a raba wa 'yan tsiraru kekunan ɗinki da baro. Adadin da ke cewa mutum takwas cikin tara ba su da albashi yana tilasta wata tambaya: me zai sa wunin Auta a kasuwa ya yi daraja? A nan amsar ta haɗa da iyaka a buɗe, da tsabar kuɗi a hannun 'yan kasuwa, da wuta da hanya, da sarrafa riɗi da zoɓo a gida maimakon fitar da su ɗanye, da ɗaukar malamai a jihar da azuzuwanta suka cika suka batse.

Canjin mudu kuma bai ƙare ba. A farkon 2025 hukumar ta sabunta ma'aunin hauhawar farashi, adadin ya tashi daga kashi 34.80 a Disamban 2024 ya koma 24.48 a Janairu, ba tare da kwanon gero ya sauko a dare ɗaya ba. Sabunta ma'auni aikin kowace hukumar ƙididdiga ne, kuma wajibi ne. Abin da ya rage namu ne, mu masu ɗaukar adadi daga Abuja mu kai shi zauren gida. Tun daga wancan daren na ɗora wa kaina tambayoyi uku kafin in karanta kowane adadi a iska: da wane mudu aka auna, shi ne mudun bara, kuma me ke shafi na biyu?

Da na je gida hutun sallar da ta biyo baya, na zauna na warware wa Baba da Auta duk wannan, tun daga awa 40 har zuwa awa ɗaya. Baba ya saurara har na gama, ya ce, "To, ka riƙa faɗa musu haka a rediyon." Auta kuwa dariya ya yi. Ya ce, "Yaya, ashe ni ma'aikaci ne ban sani ba. In sun zo ƙirga, ka roƙa mini su zo ranar Juma'a, su tambaye ni abin da na kawo jiya."

Har yanzu takardarsa tana cikin jakar leda a ƙarƙashin katifa. Ranar Alhamis da asuba yakan fita bakin tasha, ya jira motar Maigatari.